Sallama Daga Sama

Tun da ruwa ya cinye hanyoyin Haɗeja, da laima mai fanka ake tafiya ta sama, kuma ba a ƙetare gida sai an yi sallama ta na'urar kunne.

Yau Inna Kande ta fara hawa, ɗanta Tanimu na tuƙi, za ta dubo ƙanwarta Lantana da ke kwance. Ga shamuwa na shawagi ƙarƙashin ƙafafunta, sai tasbihi take yi.

"Inna, ga gidan can. Yi sallama."

Ta yi. Muryar Lantana ta amsa garau, har da dariya.

"Ashe ta warke," in ji Inna Kande.

Tanimu ya dubi tabarmin makoki a ƙofar gidan.

"Na'urar gidan ce ta amsa da muryarta, Inna."