Tumatirin Layin Hagu

Malamar kimiyya ta durƙusa a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ta kafa rula a gindin tumatirin layin dama, ta karanta. Santimita arba'in da ɗaya. Ta matsa layin hagu ta auna, shi ma arba'in da ɗaya. Sai ta zauna daɓas a kan bulo ta rafka tagumi.

Malama Ina-Hujja ɗalibai suke ce mata, a bayan idonta dai. Ka ce mata ciwon ciki ya hana ka zuwa, ta ce ina hujja. Ka ce akuya ta cinye maka littafi, ta ce je ka kawo ragowar. To yau ga shi hujja ta juyo kanta.

Shekara biyu ke nan tana haɗa wani ruwan taki a cikin duro. Ɓawon ayaba ne da ɓawon ƙwai da toka da ganyen shayi, a jiƙa su har su ruɓe. Wari kuwa ba a magana. Malamin lissafi, wanda tagar ajinsa ke kallon duron, ya rantse tun da aka ajiye shi yaransa suka daina gane komai. Da ƙorafi ya yi yawa, shugaban makaranta ya kira ta ofis a gaban malamai.

"Malama, ke ce mai neman hujja a wurin kowa. To na ba ki mako shida. Ki nuna mini warin nan yana da amfani. In ba haka ba, a kifar da duron, a rufe ƙungiyar lambu."

Ƙungiyar lambu kuwa ita ce ranta. A nan yaran da ba sa ko tari a aji suke buɗe baki su yi tambaya.

Ta dasa tumatir ashirin, goma a dama, goma a hagu. Kowace safiya ɗalibai su zuba wa na dama kofi ɗaya na takin, daga wata jarka da take cikawa da hannunta. Na hagu ruwa zalla, don a sami abin kwatantawa. Ban ruwan yamma ta damƙa shi ga Baba mai gadi, dattijon da ko kyanwar makaranta ba ya iya cin abu a gabanta bai gutsura mata ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ya yi ta gyaɗa kai.

"To, 'yata. Allah ya ba da sa'a."

Mako biyun farko abin ya yi daɗi. Na dama suka yi kore shar, na hagu suka tsuke, ganyensu ya yi rawaya. Malama ta rubuta komai a littafinta, har tafiyarta ta canza. In ta wuce malamin lissafi sai ta gaishe shi da ƙarfi.

A mako na uku na hagu suka farfaɗo. A na huɗu suka miƙe kamar ana jan su. A na biyar suka kamo na dama. Ta duba ƙasa, ta duba inuwa, ta duba inda rana ke faɗowa, ba ta ga abin da ya canza ba. Ga jarka kuma tana saurin ƙarewa. Ta tara 'yan ƙungiya ta yi musu tas a kan ɓarna da zuba abu ba tare da awo ba. Wata daga can baya ta ɗaga hannu.

"Malama, ina hujja?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta dara, amma ta ciki na ciki.

Yau ce ranar ƙarshe. Aminiyarta malamar tarihi ta leƙa littafin, ta rage murya.

"Ke kam! Ki ɗan zabge lambobin hagun nan mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji ta.

Ba wai ba ta so ba. Wallahi sai da ta daɗe tana jujjuya biro a hannu kafin ta mayar da shi jaka.

Shugaba ya iso, malamin lissafi na biye da shi, hanci a toshe da hankici. Malama ta miƙe ta ba shi littafin.

"Ranka ya daɗe, babu bambanci. Wanda ya sha taki da wanda bai sha ba duk tsawonsu ɗaya. Takina ba ya aikin komai, sai wari."

Shugaba ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ji tausayinta ƙwarai, kuma gaskiyarta ta burge shi, amma magana ya riga ya yi ta a gaban malamai. Malamin lissafi ya sauke hankici yana murmushi har kunne. Aka ƙwala wa Baba mai gadi kira ya zo ya kifar da duron a kwata.

Baba ya taho da bokitinsa yana fara'a. Da ya ji aikin da ake so ya yi, sai ya ajiye bokitin, ya riƙe baki, ya dubi shugaba kamar bai ji daidai ba.

"A zubar? Haba, ranka ya daɗe! Ai maganin nan ba shi da na biyu. Na hagun nan mutuwa suka tashi yi a gabana, ni kuwa ba na iya ganin ana ciyar da wasu ana hana wasu. Tun mako na uku nake ɗibar musu a jarkar Malama kullum da yamma, ka ga yadda bayin Allah suka murmure!"