Gonar Uwaliya

Dakta Zinnira ta ajiye rikoda a kan tabarma ta danna, amma ban da tari babu abin da ya fito daga bakin Uwaliya.

Shekara tara ke nan tana zuwa Sabon Birni daga jami'ar da take koyarwa a Kano, tana tattara labarin matan da aka raba da gonakinsu. Ta zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ta yi hira da mata sun fi ɗari uku. Amma da labarin wannan tsohuwa ta samu digirinta na uku, da shi kuma aka riƙa gayyatarta taro har ƙasashen waje.

Labarin ba shi da tsawo. Mijin Uwaliya ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu da gona mai fadama. Tana cikin takaba wani aminin mijin ya zo da takarda, ya ce ta rajistar taki ce, ta dangwala yatsa. Da damina ta faɗi, sai ta tarar da baƙi suna huɗa a gonar. Tun daga nan, shekara ashirin da biyar, ƙwadago take yi a gonakin mutane: cirar gyaɗa, sussuka, roron wake, duk abin da ya samu.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa faɗa ba, sunan mutumin.

Ranar farko da Zinnira ta shigo gidan, tsohuwar ta tambaye ta 'yar waye. Ta ce ita 'yar marigayi Malam Badamasi ce, mai awon hatsi a kasuwar Gwarzo. Uwaliya ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Ba ta taɓa karɓar ɗan goron da ake ba matan da aka yi hira da su ba. Sai dai duk zuwa ta tambayi karatu ina aka kai, ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai.

Zinnira ta yi iya yinta. Ta rubuta rahotanni ta kai ofis-ofis, aka karɓa aka yi godiya aka ajiye. Ta nemi lauya, ya ce gonar ta wuce hannu uku, yanzu gidan kaji ne zagaye da katanga, kuma in ba a san wanda ya karɓi dangwalen ba, babu inda za a kama. A jami'a ana ta ƙara mata girma, ɗakin Uwaliya kuwa yana yoyo. Da ta turo mai gyaran rufi, tsohuwar ta sallame shi.

Yau ta zo ta same ta a kwance, ƙafafu a kumbure.

"Inna, don Allah ki faɗa mini sunansa. Ko ya mutu, ai yana da magada."

"Ya daɗe da mutuwa, 'yata. Bar shi." Ta huta kaɗan. "An ce za a ba ki farfesa?"

Zinnira ta ce eh, ƙarshen shekara. Uwaliya ta rufe ido ta ce Allah ya sa albarka.

Kwana tara bayan nan aka bugo wa Zinnira waya cewa Uwaliya ta rasu, har an kai ta.

Ta je ta'aziyya. Da za ta tafi, Murja, babbar 'yar marigayiyar, ta rako ta wajen mota. Nan Zinnira ta kasa riƙe hawaye. Ta ce shekara tara tana cin abinci da labarin baiwar Allah nan, ko taku ɗaya na gonar ba ta dawo mata da shi ba, sunan azzalumin ma ba ta samo ba.

Murja ta tsaya tana murɗa bakin mayafinta, ta waiwaya gida, sannan ta sassauta murya.

"Dakta, ta hana mu faɗa miki tana raye. Cewa ta yi mu bar ki ki riƙa zuwa, tana son ta ga abin da gonarta ta haifa. Babanki ne ya kawo takardar, shekarar da ya kai ki jami'a."