Dami Biyu a Zauren Ɗan Majalisa

Tunda ka ce bakinku ya gaji da yi wa manya bayani, gyara zama ka ji misalin wani manomi. Mutumin nan ya gaji gona daga mahaifinsa, da gawo bakwai a cikinta. Ka dai san halin gawo: damina na sauka sai ya zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya tofo ya yi inuwa, dabbobi su kwanta a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna bar wa gona taki. To wata shekara hukuma ta fito da sabon tsari, aka ce za a share itatuwan gonakin karkarar duka, don tarakta ta riƙa wucewa ba tare da garmarta ta ci karo da saiwa ba. Ma'aikata suka zo da jan fenti suka shafa wa gawon nan bakwai, suka ce kafin ruwan baɗi za a kwantar da su. Ranar ko tuwo bai shigu masa ba, don yana son itatuwan nan kamar 'yan uwansa na jini.

Sai ya tara manoman garin suka yi ayari zuwa gidan ɗan majalisarsu, su roƙe shi ya sa a canza tsarin. Shi ɗan majalisar ba mugu ba ne, ɗan birni ne kawai, bai taɓa riƙe fartanya ba sai a hoton kamfen. Amma ka san manomi da ladabi. Ana tambayarsu yaya gona, yaya amfani, sai duk suka amsa baki ɗaya, "Alhamdulillahi, ranka ya daɗe, sai godiya." Kafin a gama gaisuwa da addu'a rabin lokacin ya tafi, da suka zo kan maganar gawo kuma sai suka yi ta kewaye-kewaye don kada a ce sun kushe aikin hukuma a gaban mai gida. Shi kuwa ya ɗauka inuwar hira suke wa kuka, ya yi musu alkawarin rumfar kwano a bakin kasuwa. Sau uku suna zuwa, sau uku suna komawa da hulunan jam'iyya, gawo kuma yana nan da fentinsa.

Da kaka ta yi, manomin ya yi wa kansa dariya, ya ce ashe laifin na bakinsu ne, to bari a bar baki ya huta. Ya yanke kunya biyu na gero a fili, ya yanke kunya biyu masu tsawo ɗaya a gindin gawo, ya ɗaure kowanne daban, bai ƙara ba bai rage ba. Suka ɗauka sai gidan ɗan majalisa; al'ada ce a kai wa babba sabon hatsi, don haka babu mai gadin da ya tare su. A zaure, cikin jama'a, ya roƙi ɗan majalisa ya ɗaga damin nan biyu da hannunsa ya sa musu albarka. Na farko da hannu ɗaya ya ɗaga shi, har yana yi wa mai hoto murmushi. Ya sunkuya kan na biyu da wannan ƙarfin halin, dami ya ce ina nan. Ya sa hannu biyu, ya yi nishi, hula ta faɗi ta gangara har ƙofar zaure, babbar riga ta naɗe masa ƙafa. Jama'a suka danne dariya har sai da shi kansa ya fara, sannan kowa ya saki tasa. Sai manomin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, iri ɗaya ne, ruwa ɗaya, hannun da ya nome su ma ɗaya. Wancan a fili ya tashi, wannan kuma a gindin gawon da aka shafa wa fenti."

Washegari ɗan majalisa ya taka har gonar da takalminsa mai sheƙi, ya damƙi ƙasar gindin gawo ya ga baƙa ce mai laushi, ya damƙi ta fili ta zube masa ta tsakanin yatsu. A zaman majalisa na gaba bai yi dogon jawabi ba, damin nan biyu ya sa aka shigo da su, ya ce abokan aikinsa su gwada ƙarfinsu. Aka gyara tsarin: tarakta ta kewaye gawo, kuma a raba wa manoma dashensa tare da iri. Har yau jan fentin bai gama gogewa a jikin itatuwan nan bakwai ba, awaki na kwance a ƙarƙashinsu suna tuƙa. Saboda haka in za ku koma wurin naku ɗan majalisar, ku rage gaisuwa ku ɗauki dami, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.