Mai Hoton Ciki da Cikin da Ta Ɓoye

Kai da kake ta ƙunshe damuwarka kana cewa lafiya lau, matso ka ji. An yi wata ma'aikaciyar asibiti, aikinta ɗaukar hoton cikin masu juna biyu. Sau biyu tana yin ɓari, kuma duka biyun da idonta ta ga zuciyar ɗan ta tsaya a allon na'urarta. Da ta samu ciki na uku sai ta rantse ba za ta duba ba, ta lulluɓe shi da zumbulelen hijabi har ya kai wata shida. Ana nan asibitinsu ya tura ta Abuja taron baje kolin na'urorin hoto. Ranar tun asuba ɗan bai motsa ba, tsoro ya cika ta fal, amma ta ja bakinta ta yi gum. Ta shiga zauren ta saki baki: ga na'ura kamar rijiya a kwance, a tura mutum ciki ta nuno ƙwaƙwalwarsa fala-fala kamar yankan albasa, ba wuƙa ba jini. Ikon Allah sai kallo! Sai dai duk inda ta tsaya, hannunta na kan mararta.

Wata dattijuwar likita mai nuna wata sabuwar na'urar hoton ciki ta lura da hannun nan. Ta ce, "'Yata, wanzami ba ya son jarfa, ko? Zo nan." Ta ja labule, ta kwantar da ita, ta ɗage hijabin, ta shafa mata man nan mai sanyi na ɗaukar hoto, ta ɗora mata kan na'urar a ciki. Baiwar Allah ta runtse ido, tana jiran shirun da ta sani. Sai ta ji bugu, dif-dif-dif, da sauri kamar ana sakin kalangu. Ta buɗe ido ta dubi allon. Ba inuwar nan baƙi-baƙi da ta saba gani ba ce, fuska ce sosai, da hancin mijinta sak. Ashe barci ja'irin yake ta sha! Ya yi hamma, ya cusa yatsa a baki. Ta fashe da kuka tana ta "Allahu Akbar", ita da ta sha ba wa mata haƙuri a kan irin kukan nan. Da ta ci gaba da ɓoyo, da haka za ta yini tana makokin mai rai. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.