Hoton Wanda Ya Kashe Ɗantsoho

Na ajiye hoton a gaban mai unguwarmu a Gagarawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda ya kashe ɗana Ɗantsoho."

Ya jujjuya shi. "Iya Rabi, wannan ai ƙarangiya ce."

"Ƙwayar cutar ciwon hanta ce. Jikata Mansura ta aiko daga Turai. A can masu bincike ke daskarar da ƙwayar farat ɗaya cikin sanyin da ya fi ƙanƙara, na'ura ta ɗauki hotonta."

"To, me kike so?"

"Ka tara min mutanen unguwar nan. Shekara tara suna kirana mayya, wai ni na cinye shi. Kowa ya duba da kyau, ya faɗa min ta ina muka yi kama."