Raɗar Nuriyya

Nuriyya ta koma magana ƙasa-ƙasa, kuma Dalhatu ya san abin da hakan yake nufi. Matar da a da ake jin kiran da take yi wa awaki tun daga bayan masallaci, yanzu sai ta ajiye masa tuwo, ta motsa leɓɓa, ta wuce. In ta ɗauki waya, raɗa. In maƙwabciya ta leƙo, raɗa, su dube shi, su kau da kai. A wurin injinsa na niƙa, inda yake wuni tun yana saurayi, maza suna magana kamar mutane. A gidansa ne kawai aka koyi ɓoye murya.

Sai kuma fita ta biyo baya. Ran kasuwar Mayahi ta yafa mayafi ta fice, da ya matsa mata da tambaya ta ce ai ta sanar da shi. Shi kuwa ya san ba ta ce masa komai ba.

Mako na gaba ya bar injin a kashe, ya bi ta daga nesa. Ba ta tsaya wajen masu kayan miya ba. Kai tsaye ta shiga shagon Maman Sani, wanda ya taɓa riƙe na'urorin wani gidan rediyon karkara kafin ya koma gyaran rediyo da wayoyi. Mutum ne mai fara'a, kuma matarsa ta rasu.

Dalhatu ya laɓe bayan amalanken kara yana kallo. Maman Sani ya miƙa mata kaski na sauraro, irin babban nan mai rufe kunnuwa gaba ɗaya. Kafin ta saka, sai da ta toshe kunnuwanta da auduga, kamar mai gudun kada wata murya ta shiga sai tasa. Mutumin ya kai baki kusa da wani ɗan mikro, ya ce wani abu. Ta girgiza kai. Ya sauya mata wani kaskin, ya sake magana. Wannan karon ta rufe ido ta yi dariya, irin dariyar da Dalhatu ya daɗe bai gani ba a tsakar gidansa.

A wurin ya yanke shawara. Zai ji abin da ake zuba mata a kunne, sannan ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta a Maijirgi.

Ran kasuwar da ta zagayo ya riga ta zuwa shagon. Maman Sani ya tarbe shi da murna, ya tsaya daf da fuskarsa yana magana dalla-dalla kamar mai koyar da yaro. Dalhatu ya ɗauki wannan a matsayin raini.

"Malam Dalhatu, zo ka gani," in ji shi, yana shafa wani ɗan akwatin ƙarfe. "Ampili ne, na ƙara ƙarfin murya, amma ba irin na masu biki ba. Wanga kowane kunne da wayoyinsa biyu, dama daban, hagu daban, ba su haɗa komai. Shi ya sa yake da ƙarfi, kuma ba ya kawo gunji. Dubi bakin wayar, haƙora huɗu. In ka tilasta masa kaskin kasuwa da abin jonawa, ƙonewa zai yi."

"To, sai mi?"

"Sai an nemo masa wanda ya dace da shi. Kamar aure dai. Mun sha wuya ni da uwargida kafin mu dace."

Dalhatu ya matso daf da shi. "Kai da uwargidan wa?"

"Bari dai ta iso, ita ta ce a bar mata..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya fizgi kaskin daga kan tebur ya kifa a kansa, yana jiran waƙar soyayya ko muryar mutumin nan da aka naɗa. Maman Sani ya yi saurin rage ƙarfin, sannan ya dinga murɗa maɓallin a hankali yana kallon fuskarsa.

Babu waƙa. Abin da ya shigo ta mikron shi ne takun jaki a kan tsakuwa, da ƙarar matsamin mai ƙosai a bakin kasko. Sai kukan tsuntsaye a kan iccen bedin ƙofar shago. Dalhatu ya ɗaure fuska. Yaushe tsuntsaye suka dawo Mayahi?

"Baban Raihana!"

Muryar ta doke shi har ya runtse ido. Nuriyya ce a bakin ƙofa, mayafinta ya zame. Ya cire kaskin don ya faɗa mata maganar da ya tanada, sai muryar ta koma raɗar nan da ya tsana. Amma yanzu yana kallonta da kyau. Bakinta a buɗe yake, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, masu tireda na layin gaba ɗaya sun juyo suna kallonta.

Ya mayar da kaskin a kansa.

"A hankali, uwargida," ya ji Maman Sani yana cewa. "Yau ba sai kin wahalar da maƙogwaro ba. Kaskin da kika zaɓo masa ya yi."

Nuriyya ba ta taɓa rage murya ba. Tun bara take yi wa mijinta ihu cewa injin niƙa ya cinye masa kunnuwa, shi ne dai bai ji ba.