Hannun Gola

Tun da aka fito da rigar horo, wadda ke koya wa jikin ɗan ƙwallo aikin lambarsa ko yana barci, ƙwallo ba ta sake kuɓuce wa Barau ba. Gola ne, kuma duk abin da ya faɗo hannunsa, kafin ya ankara ya cafe ya wurga gaba. Shi da bakinsa ya roƙi koci a ba shi rigar.

Yau matarsa ta sauka. Gwaggonsa ta fito da jaririyar naɗe cikin zani.

"Ungo, Barau, yi mata huɗuba."

Sai ya ji kafaɗarsa ta dama tana ɗagawa da kanta. Ya mai da hannuwansa baya, ya damƙe su gam.

"Gwaggo, riƙe ta dai. Ni zan sunkuyo."